Tulunan da Aka Yanke wa Lamba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

"Malama, ki tafi ki huta. Ko ƙura ba za a goge a ɗakin ajiya ba sai kin dawo. Na ɗaukar miki alkawari." Haka Darakta ya ce a bakin ƙofar ofishina, hannunsa a ƙirji, mako bakwai da suka wuce. Na rubuta maganar nan yadda ya faɗe ta, don kada wata rana ya ce ni na ƙirƙira.

Yau na dawo. Warin fenti ya tare ni tun daga matakala. Na buɗe ɗakin ajiya na tsaya. Tulunan da na bari da launin ƙasarsu duk sun koma jajaye suna ƙyalli, kamar an jera su a bakin titi ana neman mai saye. A ƙasa, bayan ƙofa, ga kwalin sabulu cike da 'yan takardu masu guntayen zare. Sai da na tsuguna na ɗauki ɗaya sannan na gane. Lambobin kayanmu ne. An bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya.

Bari in rubuta abin da nake gaya wa ɗaliban shekarar farko, tunda ashe Daraktan gidan adana kayan fasaha na jami'a guda bai san shi ba. Kowane abu a nan yana da 'yar takarda ɗaure a jikinsa da zare, da lamba a kai. Lambar ita ke kai ka ga katinsa a durowa. Katin shi ke faɗin wa ya yi abin, daga ina, wa ya kawo, yaushe. Ka yanke zaren nan, tulu ya koma tulu kawai.

A kan teburina na tarar da takardar kwamitin duba kadarori. Za su zo ranar Alhamis, 20 ga wata. Duk abin da suka samu ba lamba, ba na gidan nan ba ne, za a "sake shi" a ƙawata sabon masaukin baƙi da ofisoshin manya.

Na ƙirga. Ɗari biyu da goma sha huɗu.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na hau sama ofishin Darakta. Turarensa ya riga shi gaishe ni.

"A'a, Malama. Ya ƙarfin jiki? Ai da kin ƙara ko mako biyu."

"Ranka ya daɗe, wa ya yanke min lambobi?"

Ya ce ci gaba ne. An ɗauko 'yan kwangila su gyara kaya, su manna musu sitika ta zamani da na'ura ke karantawa. Sun fara da cire tsofaffin lambobin don su ji daɗin shafa fenti. Na'urar buga sitikar ce dai ba ta iso ba.

"Yaushe za ta iso?"

"Ana kan magana."

"To kafin su yanke, sun rubuta wace lamba ce ta wane abu?"

Ya duba wayarsa. Daga nan ya faɗi wata magana game da wata takarda. Ba zan rubuta ta yau ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ban iya komai ba. Na zauna gaban kwalin sabulu har aka tashi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Allah ya jiƙan Tsoho. Shi ne ya riƙe ajiyar nan shekara talatin kafin ni, shi ya koya min aikin, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da na gaji durowarsa ina gunaguni a kan rubutunsa. Sauran gidajen adana kaya suna rubuta tsawo da faɗi da kyawun abu. Tsoho aibi yake rubutawa. Ya ce maginiya ɗaya za ta iya gina tulu ashirin kama ɗaya, amma ba za su taɓa tsagewa kama ɗaya ba. Da ina yarinya a aikin na ɗauka mugun hali ne kawai irin na mutumin da ba ya iya yabon komai.

Yau na jawo durowar farko, na karanta:

"Zanen saƙa, shuɗi da fari. Ƙuna uku a gefe ɗaya, girman ƙwayar wake. Mai shi ta ce fitila ce."

"Kwanon tagulla. Ya lotsa a gindi. An ce miji aka jefa da shi. Ban tabbatar ba."

"Hoton fenti, aikin ɗalibi. Ƙuda ya maƙale a sama ta dama tun fentin bai bushe ba. Kada a cire shi."

Na warware zannuwa har na samu mai ƙuna uku. Na kifa kwanuka har na samu lotsattsen. Ƙudan yana nan inda aka bar shi. Na tono lambobinsu daga kwalin, na ɗaura da sabon zare, ƙulli biyu kamar yadda aka koya min.

Talatin da ɗaya yau. Saura ɗari da tamanin da uku. Na yi dariya ni kaɗai har Iya mai shara ta leƙo ta ce, "'Yar nan, lafiya dai?"

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Hannuna na hagu ba ya wuce kafaɗa tun da aka yi min aiki. Kanta ta uku da ta huɗu sun fi ƙarfina.

Na gwada sau biyu. Na uku ban gwada ba, don Kafinta ya shigo ya gan ni. Shi ke yi mana firam da akwatunan ɗaukar kaya tun zamanin Tsoho, kuma bai taɓa shiga ɗaki da sallama mai tsawo ba.

"Sauko, Malama."

"Ban ce ina neman taimako ba, Baba."

"Ni ma ban ce taimako na kawo ba. Tsanina kike kai."

Ya fita, ya dawo da dogon benci, ya shimfiɗa masa bargo. Ya ce zai riƙa sauko min da kaya goma-goma kowace safiya, ya mayar da yamma. Bai tambaye ni hannun ba. Shi kaɗai ne a ginin nan bai tambaya ba, shi ya sa na bar shi.

Ashirin da shida.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta kira. "Kin koma wajen likitan?" Na ce layin ba ya da kyau. Ta ce, "Layin lafiyarsa lau, ke ce ba ki da kyau. Tun kina 'yar shekara biyar in an ce sha magani sai ki ɓuya ƙarƙashin gado." Na ce mata ina da kaya ɗari da hamsin da ke jirana. Ta ce tukwane ba su da ƙanwa, ita ce take da ita.

Na kawo kwalin gida. Maigida ya kwashe jaridunsa daga teburin falo, ya sa tabarau, ya ce a ba shi aikin da ba ya buƙatar ilimi. Yana jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, yana sa su a ambulan. Mutumin da shekara ashirin da shida yana kiran wurin aikina "gidan tarkace".

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Zannuwa sun ƙare. Kayan ƙarfe sun ƙare. Hotuna saura huɗu. Na kai ɗari da ashirin.

Darakta ya aiko a ce yana jinjina min. Na ce a gaya masa na ji.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na iso kan tuluna, kuma nan ne abin ya tsaya.

Sittin da takwas ne. 'Yan kwangilar sun bi kowace tsaga sun cike ta da farar ƙasa da gam, sun goge, sun shafa jan fenti, sun bi da man ƙyalli. Katin Tsoho ya ce, "Tsaga daga wuya zuwa kafaɗa, ta karkata hagu." Na juya tulun, na juya, ba komai sai fuskata a jikinsa. Duk abin da aka rubuta a kansu shekara arba'in an shafe shi cikin mako ɗaya, kuma da kyakkyawar niyya, wadda ita ta fi ba ni haushi. Na sha karanta labarin dakarun da suka ƙone ɗakunan karatu. Su aƙalla sun san abin da suke yi.

Na zauna a bencin. Ba zan ce na yi kuka ba. Warin fenti ne.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Sifiri.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Zan rubuta maganar takardar, in huta.

Ni na sa hannu. Darakta ya zo inda nake kwance a asibiti, kwana biyu bayan an fito da ni daga ɗakin tiyata, da ledar lemo a hannu ɗaya, fayil a ɗayan. Ya ce takardun hutuna ne, don kada a riƙe min komai. Huɗu ne. Tabarauna yana cikin jaka, jakar tana gida. Na sa hannu a duk inda yatsansa ya nuna. Ta ukun ita ce amincewar mai kula da ajiya a "sabunta alamomin kaya".

Ni da nake karanta ko takardar da aka naɗo burodi a ciki. Ni da na kori ɗalibi daga ɗakin karatu don ya sa hannu a rajista bai duba kwanan wata ba.

Lemon ma tsami ne.

Laraba, ƙarfe biyu da rabi na rana

Yau sai in ce a buga min ganga.

Iya ta shigo da tsintsiya ta tarar da ni ina kallon tuluna kamar za su yi magana. Shekara ashirin tana goge su. Ta ajiye tsintsiyar, ta lanƙwasa yatsa, ta ƙwanƙwasa ɗaya. Ya yi ƙara tas. Ta ƙwanƙwasa na kusa da shi, ya yi wani bub.

"Wannan fasasshe ne. Fenti ba ya gyara murya."

"Na sani, Iya, amma ina tsagar take? Katin wurin yake faɗa."

"To ki duba ciki mana."

"Wuyan ba ya shigar hannu."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai digiri uku. "Waɗancan yaran na gan su suna aiki. Waje kawai suka shafa. Wa zai ɓata fenti a inda baƙo ba ya gani?"

Ta kwance bakin zaninta, ta fito da ɗan madubin hoda mai tsagaggen murfi. Kafinta ya ɗaure shi a kan siririn kara da waya, ya karkata shi kaɗan, ya haɗa 'yar tocila a gefe. Muka rufe taga. Na zura karan cikin tulun farko, na juya a hankali.

Tana nan. Daga wuya zuwa kafaɗa, baƙa siririya, ba wanda ya taɓa ta. A madubi ta karkata dama, na kusa ajiye katin, sai Kafinta ya ce, "Madubi ne fa, Malama, juya lissafin." Hagu ce. Ita ce.

Goma sha ɗaya kafin a tashi. Iya ta ce madubin aro ne, in an gama a mayar mata, kuma a rubuta sunanta a wani wuri tunda kowa a gidan nan rubuta shi ake yi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Goma sha tara. Iya tana ƙwanƙwasawa tana ware masu tsaga, Kafinta yana riƙe wuyan tulu, ni ina kan madubi.

Akwai ɗaya da ba shi da tsaga ko kaɗan, na ɗauka ya ɓace mana. Sai na ga wasu 'yan ramuka huɗu a ƙasan wuyansa ta ciki. Na koma durowa, na yi ta bi har na samu: "Ba tsaga. Ta ciki akwai sawun yatsu huɗu ƙanana. Maginiyar ta ce 'yarta ce ta zura hannu tun yumɓun bai bushe ba, ita kuma ta bar shi." Na ba Iya ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce, "Yarinyar nan yanzu ta yi jika."

Wannan ne za a kai masaukin baƙi a zuba masa guntun taba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Darakta ya sauko da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, saboda takalminsa.

"Malama, ana ta yi min magana a kan lafiyarki. Na ga kamar a riƙa rufe ɗakin nan ƙarfe goma sha biyu, ki samu hutu."

"Na gode da kulawa, ranka ya daɗe. Sashe na tara na littafin ƙa'idojinmu ya ce mabuɗin ajiya yana hannun mai ajiya. In an canza, a kawo min a rubuce. Yanzu ina da tabarau."

Ya yi murmushi. Ya tambayi nawa suka rage. Na ce kaɗan. Na ga yadda ya haɗiye kalmar.

Abin da ban gane ba shi ne me ya sa ƙarasa aikina yake damunsa haka. In na gama, ai kunyarsa na rufe.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gane.

Maigida ya gama jera lambobin da suka rage. Ya cire tabarau, ya sake sawa.

"Maman yara, kaya nawa kika ce?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu."

"Da waɗanda kika riga kika ɗaura da waɗannan na gabana, ɗari biyu da ashirin da uku nake samu."

"Ka sake ƙirgawa."

"Sau uku na ƙirga. Shekara talatin ina koyar da lissafi, ba a kan takardun tukwane zan fara faɗuwa ba."

Lamba tara ba su da kaya. Wato ba a jira kwamiti ba, an riga an fara rabo. In na ɗaura wa komai lambarsa, tara za su rage a hannuna, kowacce da katinta, kowacce tana tambayar ina abinta.

Na sumbaci mutumin nan a goshi. Ya ce da ya san haka ake biya da tuni ya nemi aiki a gidan tarkace.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na karanta wa Iya katuna taran. Ita ke share benen sama ranar Laraba da Juma'a, ƙanwarta kuma tana aiki a masaukin baƙi.

"Babbar randa mai kunne ɗaya? Tana ofishin Darakta, bayan kujera, an cusa mata furen roba."

"Ƙyauren itace mai sassaƙa?"

"An yi masa ƙafa, an ɗora gilashi. Shayi ake sha a kai a masauki."

Ta san inda bakwai suke. Biyu sai ta tambaya. Na ce me ya sa ba ta faɗa min ba tun tuni. Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ni shara aka ce in yi."

Ban ce wa kowa komai ba. Alhamis tukuna.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya ta zo da kanta da mota, ta tsaya a ƙofar ginin tana danna hon har na fito. Mun je wajen likitan. An duba. An ce in dawo bayan wata uku, ba mako uku ba. Yaya ta yi ta kuka a mota, ni kuma ina ce mata ta yi sauri, tuluna bakwai ke jirana.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tuluna sun ƙare. Ɗari biyu da goma sha biyu.

Biyu sun gagare ni. Manyan cokulan itace ne, hannu ɗaya ya sassaƙa su. Tsoho ya ce ɗaya yana da cizon ɓera a mariƙi, ɗayan yana da tabon mai. 'Yan kwangila sun bi su da samfefa har sun yi sumul. Cokali ba shi da ciki da za a leƙa. Na auna, na shinshina, na sa a hasken taga. Ba zan yi ƙarya a kati ba, ko don cokali.

Na haɗa su biyun da zare ɗaya, na ɗaura musu lambobin biyu, na rubuta sabon kati: "Ɗaya daga cikin waɗannan shi ne wannan, ɗayan shi ne wancan. An shafe bambancinsu a wannan shekara, a lokacin da mai ajiya ba ta nan." Na sa kwanan wata.

Na goge tabarau, na goge madubin Iya, na fitar da rigar da zan sa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Su uku suka zo. Shugabarsu wata Farfesa ce daga sashen haɗa magunguna, gajeruwa, ba ta murmushi, irin matan da nake so. Darakta yana biye da su yana bayanin ci gaba.

Ta ce ba za ta duba duka ba, za ta zaɓa da kanta. Ta nuna wani tulu a can ƙarshen kanta ta huɗu. Kafinta ya sauko da shi. Ta karanta lambar, na jawo katin, na ba ta ta karanta da bakinta: "Tsaga biyu a gindi, sun haɗu kamar ƙafar kaza."

Ta juya tulun. "Ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba, Farfesa. An yi masa kwalliya."

Na miƙa mata karan. Ta dubi madubin hodar, ta dube ni, ta zura. Ta juya shi a hankali. Sai ta ce, "Ƙafar kaza." Ta zaɓi wani. Ta zaɓi wani. A na shida ta daina ba ni karan, ita ke zurawa tana kiran lamba, sauran biyun suna layi a bayanta suna jiran a ba su su leƙa. Goma sha biyar ta duba, goma sha biyar suka fito daidai.

Da ta zo kan cokulan ta karanta katina sau biyu.

"Wa ya ba da izinin wannan aikin?"

Darakta ya buɗe fayil ɗinsa. Na riga shi. Na fito da kwafin takardar daga jakata na ajiye a bencin.

"Ni ce, Farfesa. Ga sa hannuna. Ki duba kwanan watan."

Ta duba. "Ba kina hutun jinya ba a lokacin? A ina kika sa hannu?"

"Ranka ya daɗe ya san wurin. Shi ya kai min."

Ba ta juya ta dube shi ba. Ta rubuta wani abu mai tsawo a littafinta, shi kuma ya tsaya yana karanta bangon. Daga ƙarshe ta ce kaya ɗari biyu da goma sha huɗu suna da lamba, duk na gidan nan ne, ba abin da za a saka. Har cokulan. Ta tambayi na wa ne madubin. Na ce na Iya ne, ga ta can riƙe da tsintsiya. Farfesa ta ce a sa a rahoto. Iya ta gyara ɗaurin kallabinta.

Lambobi taran suna cikin ambulan a jakata duk tsawon lokacin. Na yi niyyar fito da su. Sai na tuna yadda kwamiti yake aiki: za a kafa ƙaramin kwamiti, shi ma ya kafa nasa, randar kuma ta shekara biyu da furen roba a baki. Ba hukunci nake nema ba. Kayana nake so.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ba ɗaya da ya fita. Ba ɗaya. Na sake rubutawa don daɗin rubutawa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Iya ta samo sauran biyun. Faifan tagulla yana falon wani babba a ofishin mulki, ana zuba masa alewa. Zanen saƙa mai ja an yi labule da shi a ɗaki na shida a masauki. Labule. A taga mai kallon rana.

Ranar Juma'a mai zuwa, 28 ga wata, za a buɗe nunin shekara a babban zaurenmu. Darakta ya gayyaci Shugaban jami'a da 'yan jarida, ya sa an buga sunansa a katin gayyata da manyan baƙaƙe. Tsara zaure kuwa aikin mai ajiya ne. Sashe na goma sha biyu.

Na je wajen Kafinta na ce ina son 'yan tebura tara na ɗora kaya, farare, masu tsayin ƙugu.

"Me za a ɗora?"

"Wataƙila komai. Wataƙila ba komai."

Ya zaro fensir daga bayan kunne. Ya ce, "Talata za ki same su. Zan yi musu fenti ciki da waje."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kai wa Darakta wasiƙa da hannuna. Ban zauna ba. Randar tana bayan kujerarsa, kunnenta ɗaya yana leƙowa ta gefen kafaɗarsa. Na jira ya karanta har ƙarshe, na ce ya sa hannu a kwafina cewa ya karɓa. Ya nemi tabarau. Na ce ya ɗauki lokacinsa.

"Malama, wannan ai tonon silili ne. Mu da muke gida ɗaya."

"Gida ɗaya ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa na fara kawo maka."

Ga abin da ke ciki, na kwafe shi nan. Kaya tara, kowanne da lambarsa da inda yake a yau. Ina jiran su a ƙofar ɗakin ajiya zuwa ranar Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana. Kada a wanke su, kada a goge, kada kowa ya gyara komai. Duk wanda ya iso kafin lokacin zan karɓe shi ba tambaya, in ɗaura masa lambarsa, ya hau teburinsa a zaure kamar bai taɓa fita ba.

Ƙarfe goma sha biyu da minti ɗaya zan kulle ƙofa. Duk teburin da abinsa bai dawo ba zai shiga zaure haka nan, ba komai a kansa, a layin farko, daidai inda Shugaba zai yanke kirtani. A gabansa zan sa katin bayani irin na kowane abu: me ne ne, wa ya yi shi, wa ya ba jami'a amana, a wace shekara. Layin ƙarshe zai faɗi ofishin da yake a yanzu da abin da aka zuba a ciki.

Ranar Juma'a kuma zan sa kujera kusa da teburan, in zauna da ambulan ɗina a cinya, duk wanda ya tambaya in ba shi amsa.